Akushin da Ya Ƙi Zanuwa

Aikin da aka ce mini zan yi a Makka shi ne koyar da zane a wata makarantar 'yan mata. Ejan da ya shirya mini tafiyar har hoton makarantar ya nuna mini a wayarsa, fararen kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa da na gaji da ajin da rufinsa ke yoyo a Bichi, ban tsaya tambayar yadda zan koyar da 'ya'yan Larabawa da Larabcin Fatiha da Ƙulhuwallahu ba. Na yi umara, na sha zamzam na ƙoshi, na zauna jiran a zo a kai ni makaranta. Lambar ejan ta daina shiga. Bizata ta mutu a hannuna ina kallo. Haka ake faɗa a can, takarda ta mutu, kuma daga ranar da taka ta mutu sai ka koyi tafiya kamar wanda ba ya nan.

Wata mata 'yar Maraɗi, Inna Talatu, ita ta tsince ni ina kuka a bakin wani masallaci a Misfala, bayan mai masauki ya fitar mini da jaka. Ba ta nemi jin labarina ba, ta ji irinsa har ya gundure ta.

Ta ce, "Ke malamar makaranta aka ce miki ko nas?"

Na ce malama.

Ta ce, "To taso, malama, akwai tabarma."

Ta kai ni Mansur, unguwar da in ka rufe ido ka ji Hausa da ƙamshin daddawa sai ka rantse a Fagge kake. Ɗaki ɗaya muke kwana da mata da yawa, kowacce da jakarta a ɗaure kusa da kanta, ba mai kwance kayanta duka. Darasin farko da aka ba ni na gudu ne. In aka ce jawazat, wato jami'an da ke kama marasa takarda, ba a tsayawa neman takalmi.

Ni abin da na iya a duniya shi ne fuska. Tun a kwaleji ni ce gwanar fuska, kuma na sani, ba na ma ɓoyewa. Rannan Inna Talatu tana tsintar wake a bakin ƙofa, haske ya faɗo mata a kunci, sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na ɗauki fensir na zana ta a bayan wani kwali, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsoma kwalin a ruwan wanke wake, ta murje shi har ya zama dusa.

Na ce, "Inna, bai yi kama ba ne?"

Ta ce, "Wallahi ya yi kama, shi ya sa. Ke a garin nan za ki ɗora fuskar mutum a takarda? Rabinmu na tsoron ranar da za a ce mu busa wa hoton rai, rabinmu na tsoron a gane mu. Ni duka biyun nake ji."

Na kwana da haushi, amma da safe na gane an rufe mini ƙofar abin da na fi iyawa, kuma ba mai buɗe ta.

A kwaleji akwai wani darasi da muka raina, muna ce masa zanen kwanuka. Malaminmu, wani dattijo mai yawan tari, zai jera buta da albasa da ƙwarya a kan tebur ya ce mu zana. Hausa ba ta ba abin suna ba. Ya ce Turawan Ingila na kiransa rayuwar da ta tsaya cik, Faransawa kuma matacciyar halitta, kuma ko a can an daɗe ana ajiye shi a ƙarshen layi: sarakuna da yaƙe-yaƙe a sama, albasa a ƙasa. Yana ba da tarihin muna ta hamma a bayan aji. Na taɓa ce masa ni ban zo kwaleji don in zana kayan miya ba. Ashe kayan miyar ne za su ciyar da ni.

Wani mai tsire a bakin titin Mansur, Baba Ila, shi ya fara ba ni aiki. A can sere ake ce wa tsire, har Larabawa na layi a kansa. Ya samo mini guntun katako da ragowar fenti, na zana masa tsinken nama da yankakkiyar albasa da tumatir da tulin ƙuli. Da ya gani ya ce, "Kai, malama, wannan ai ya fi nawa maiƙo." Daga nan mai masa ta ce ita ma, mai fura ya ce shi ma. Babu fuska, babu hannu, ko ɗan yatsa ba na sawa. Kullum da yamma Baba Ila zai naɗe mini ɗan nama a takarda ya ce wai ya ƙone ba mai saye, alhali babu inda ya ƙone. Da wannan naman a cinya nake kiran Ummata a waya, in ce mata ɗalibaina suna gaishe ta. In ta ce, "Ina amsawa, Allah ya yi musu albarka," sai in naɗe naman in ajiye.

Sai kame ya yi zafi. Wata safiya na je wurin Baba Ila na tarar da komai nasa yana nan sai shi. Garwashi bai gama mutuwa ba. Wuƙarsa na kwance a kan katako, albasa an yanka rabi an bar rabi, takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci. Sama da su allona na rataye, namansa na ta sheƙi. Ba wanda ya ce mini komai, ban kuma tambaya ba, kayan sun riga sun faɗa. Na tsaya ina kallonsu, sai tarin malaminmu ya faɗo mini a rai.

Inna Talatu ta ce titi ya ƙi, gara in shiga gida. Ta samo mini aikin kula da wata tsohuwa a Rusaifa.

Mai gidan, Usman, a Makka aka haife shi, haka ma mahaifiyarsa. Iyayenta ne suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, suka yi shekaru a hanya. Ma'aikacin ofis ne, mai tsabta, mai ɗan murmushi kaɗan, Hausarsa rabi Larabci. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Amal, tana jami'a. Ni Baban Amal nake ce masa. Tsohuwar kuwa, Hajja Dije, ƙarama ce ƙwarai, ba ta cika gado ba, amma idonta na nan garau, kuma Hausarta ta Sakkwatawa ce tsantsa duk da ba ta taɓa taka can ba. Ba ta cin abinci a tangaran, sai a wani tsohon akushi nata. A jikin bango, daidai inda take kallo in ta kwanta, akwai wata kantar katako, a kai an jera wasu akusan, baƙaƙe, sun sha hannu. Biyar a kife suke. Na ƙarshe a layin yana buɗe, da dabino a ciki.

Safiyata ta farko na tashi da zafin nama, ina so a ce an yi dace da ni. Hajja ta koma barci bayan asuba. Na share, na goge, na ga akushin nan da ƙura a bakinsa, na juye dabinon a faranti, na wanke shi fes, na mayar da shi mazauninsa na kife don ya tsane, kamar yadda kowace 'ya mace aka koya mata a gidan ubanta. Ina cikin goge taga Baban Amal ya shigo gaida mahaifiyarsa. Na ga fuskarsa ta sauya lokaci guda. Ya taka a hankali kamar mai kama kaza, ya juyo akushin, ya mayar da dabinon, ya kalli gado. Tana barci. Ya yi mini alama in fito.

A bakin ƙofa ya ce, "Zulaiha, isma'i, ki saurara da kyau. A gidan nan ba a kife akushi sai mai shi ya mutu. Kakar ummi ce ta fara tun a hanya. Wanda ya faɗi, a binne shi, a kife nasa, a ci gaba da tafiya da shi. Wancan na ƙanena ne, Sani."

Na ce, "Yana ina?"

Ya ce takardun Sani ne suka mutu bai sabunta ba, aka kama shi a garejin da yake aiki, aka kai shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, bai san kowa ba. Tun yana kira har ya daina.

Sannan ya ce, "Ya rasu. Ciwo ne. Wani mai gareji da ya riƙe shi ya bugo mini. Tun kafin a rushe gidanmu na Misfala mu dawo nan. Ita ba ta sani ba. Daktur ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ni nake ce mata yana ƙauye, babu waya." Ya dube ni. "In ta ji daga bakinki, ko daga hannunki, halas, zamanki ya ƙare. Ba zan kira miki kowa ba. Ƙofa kawai zan buɗe, kin san abin da ke bayanta."

Na so in ji haushinsa na kasa. Me zan ce wa mutumin da ke yi wa uwarsa ƙarya, ni da ɗalibaina ke gaida tawa kowane mako?

Haka na zauna da gawar Sani a baki. Kullum da safe Hajja za ta sa in kwashe dabinon jiya in watsa wa tattabaru, ta zuba sabo da hannunta. Bayan kowace salla sai ta ce, "Allah ka tsare matahiyi, ka maido shi gida." Ni ce mai cewa amin. Wata rana ta ce, "Ɗiyata, ke ta wajen Kano ce ko? Ba ki taɓa gamuwa da wani dogo mai giɓi ba, shina Hausa kamar Balarabe?"

Na ce, "Kano babba ce, Hajja."

Ta ce, "Haka nike ji." Ta daɗe tana kallona kafin ta kau da kai.

Amal ce ta jawo zancen zane. Ta daɗe tana son hoton kakarta, tsohuwar ta ƙi, ta ce wanda aka ɗauka na iƙama, katin zama, ya ishe ta zunubi. Rannan Amal ta kama ni ina zana butar shayi a bayan kwalin magani. Ta yi tsalle ta ce, "Ɗabi'a samita! Sitti, shufi, duba, ta iya!" Sitti take ce wa kakar. Na tambayi ma'anar kalmar, Hausar Amal ta ƙare, sai Hajja ta fassara: halitta mai shiru. Amal ta nuna kantar ta ce in ba za a zana Sitti ba, a zana waɗannan, ai su ne ita.

Hajja ta ce, "In akusa na, ku zana. Ba su da rai, ba wanda za shi tambaye ku komi ranar ƙiyama."

Baban Amal ya yarda, amma da zai fita ya ce mini a hankali, "Ki zana abin da kike gani. Kada ki taɓa komai."

Amal ta kawo farin ƙyalle ɗamamme a jikin katako, da fenti mai kyau irin wanda ko a kwaleji sai dai mu ji labarinsa. Na kafa shi a gindin gadon Hajja, ina aiki tsakanin azahar da la'asar, lokacin da hasken taga ke kwantawa a kan kantar. Ita kuwa ta samu abin kallo. Ta ce, "To malama, wa ya fara wanga aikin na marasa aiki?"

Na ji daɗi an tambaye ni abin da na sani, bakina ya riga hankalina. Na ce Misirawa na zamanin Fir'auna suna zana gurasa da ɓaure da tulunan ruwa a bangon kaburbura, wai don kada mamaci ya ji yunwa. Kafin in rufe baki na so in haɗiye maganar. Idonta ya tafi kan dabinon.

Ta ce, "Abincin matattu ke nan."

Na yi sauri na ce Rumawa kuwa don baƙi suke yi, suna zana 'ya'yan itace da kifi a bangon ɗaki, irin kyautar da ake tarbar baƙo da ita. Ta ce to waɗannan sun yi hankali. Ban gaya mata cewa da yawa daga zanen nan an same su ne a garin da toka ta binne da mutanensa ba.

Kwana biyu na kama bakina, amma ta ƙi ƙyale ni. Na ba ta labarin mutanen Holan, waɗanda da suka yi arziki suka riƙa sa a zana musu tebur cike da kayan marmari, furanni, lemon tsami an fere rabi ɓawon na lilo. Na ce sai dai masu zanen sukan saka wani abu a gefe don mai dukiya ya tuna: kyandir da ya mutu, ko ƙuda a kan tuffa, ko ƙoƙon kan mutum, ko kofi a kife.

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Kohi a kihe? Wa ya hwaɗa musu? Sun sato na kakata!"

Daga nan ita ta karɓi ba da labari. Duk akushin da na kai kansa sai ta gaya mini mai shi. Na farko, mai tsagewa da aka ɗinke da waya, na kakanta ne, wanda zazzaɓi ya kayar tun ba su kai Sudan ba. Ƙaramin na yayarta ne da ba ta taɓa gani ba, wadda ta rasu a bakin teku suna jiran jirgin ruwa. Ta ce, "Nan munka baro ta," kamar da ita aka yi tafiyar. Sai na babanta, sai na innarta mai ƙuna a gefe, sai na mijinta. Na tambayi na Baban Amal, ta ce ya fasa shi tun yana yaro, shi ya sa ya zama Balarabe. Akusan nan suka riƙa fitowa a ƙyallen kamar dama can suna ciki. Ban taɓa zane mai kyau irin wannan ba, kuma ina sane da hakan.

Sai na iso kan na Sani.

Na ja layin bakinsa, ya karkace. Na goge na sake. Na haɗa launin dabino, na ɗora, sai ya zama kamar tsakuwa. Wata rana Hajja na gyangyaɗi na daure na cika shi duka. Da na ja da baya na duba, cikin akushin ya yi baƙi ya yi zurfi, ba akushi na zana ba, rami ne. Na sa tsumma na kankare shi, na shafe wurin da fari. Idona na ganin akushi a buɗe, hannuna ya san wani abu daban, kuma ya ƙi bin umarnina. Na koma ina gyara inuwar da ba ta bukatar gyara, ina ƙara wa katakon kantar jijiya. A ƙarshen layi farin gurbi na nan zaune, kullum kamar ƙara girma yake.

Cikin kwanakin nan labari ya zo daga Mansur cewa an kwashe ɗakinmu gaba ɗaya, har da Inna Talatu. Ba ni da sauran wurin komawa. In na ji jiniya a titi sai burushi ya tsaya a hannuna. Baban Amal zai leƙo da yamma, ya dubi zanen, ya dubi gurbin, ya dube ni. Ya ce, "Ki gama shi, Zulaiha." Na ce gobe. Hajja kuwa ta daina tambayata tarihi. Kallo kawai take yi, ba zanen ba, hannuna.

Ranar da abin zai faru Amal na makaranta, babanta na ofis. Bayan la'asar Hajja ta shafa addu'a, amma ban ji ta ambaci matafiyi ba. Ta ce in matso mata da zanen. Na ɗora mata a cinya. Ta bi akusan da yatsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta taɓa su ba, har ta iso farin wurin, nan ta ɗora yatsan.

Ta ce, "Matattu biyar kin zana, hannunki bai yi rawa ba. Mai rai guda ya gagare ki."

Na ce, "Haske ne, Hajja, ba ya zama a wurin."

Ta ce, "Hasken da ke bisa na mijina shi ke bisa na Sani. Taga guda ta."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ban tambaye ki ba. Kada ki ce komi, na san an ɗaure miki baki. Kama ni in tashi."

Na so in ƙi. Na tuna ƙofa, na tuna abin da ke bayanta, na tuna zuciyar da likita ya ce ba za ta ɗauka ba, wadda nake jin bugunta a hannuna da na riƙe ta. Amma ba a ce wa irin Hajja a'a in ta yi wannan muryar. Na kai ta gaban kantar. Ta ɗauki akushin da hannu biyu, ta shafa bakinsa, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta kife shi. Dabinon ya watse, wasu a kan kanta, wasu a ƙasa.

Ta ce, "Yanzu ki zana."

Na zana. Abin da har yau ke ba ni tsoro shi ne yadda ya zo da sauƙi. Abin da ya gagare ni kwana da kwanaki ya fito kafin hasken taga ya janye, da doron akushin, da sheƙinsa, da dabinon da ya gangaro ya tsaya a bakin kanta. Ina yi hawaye na zuba, ita kuwa tana zaune a gefen gado tana jan carbi, idonta a bushe.

Gab da magariba muka ji makulli a ƙofa. Baban Amal ya shigo da sallama, ya taka dabino ɗaya, ya duba ƙasa, ya ɗaga kai ya ga kantar. Ya juyo kaina da wani irin kallo da ba na fatan sake gani.

Hajja ta ce, "Ƙyale yarinya, ba ta ce komi ba. Usmanu, tun yaushe?"

Ya ce, "Ummi..."

"Tun yaushe?"

Ya durƙusa a gabanta. Ya ce tun suna Misfala.

Ta girgiza kai a hankali. Ta ce, "Duk tsawon wanga lokaci ina yi mishi addu'ar matahiyi, ashe ta wanda ke kwance shike bukata. Ka bar ƙanenka cikin ƙasa ba tare da uwarshi ta ce Allah shi jiƙanshi ba." Sannan ta dafa kansa. "Kai ma ka ɗauko shi kai kaɗai, ka gaji. Sauke."

Babban mutum ya kifa kai a cinyar uwarsa yana kuka kamar ɗan yaye. Na tattara burushina na fita.

Zuciyar Hajja ba ta tsaya a ranar ba. Washegari ita ce ta sa aka yi masa da yawa aka raba sadaka. Amma Baban Amal mutum ne mai cika magana. Ya same ni a kicin ya ce, "Ban ce kin faɗa ba. Amma ba zan iya ganinki a gidan nan ba." Amal ta yi masa kuka da Larabci, bai canza ba. Na ji zafinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro, amma ban roƙe shi ba.

Da na je sallama Hajja ta riƙe hannuna na dama, ta jujjuya shi tana kallon fentin da ya maƙale a farcena. Ta ce, "Za su kai ki Kano, ɗiyata, can suke kai kowa. In kin tahi ki nemi inda shike. Ki ce mishi uwarshi ta ji."

Ba ta yi kuskure ba. Ban jima ina raɓe-raɓe ba aka tare mu a ƙarƙashin wata gada, ban ma yi gudu ba. Na yi zaman jira a wani katafaren ɗaki cike da mata da kukan yara, sannan aka sa mu a jirgi.

A Kano na nemi mai garejin da kwatancen da Amal ta yi mini. Mutumin kirki ne, ya bar aikinsa ya raka ni maƙabarta. Muka yi ta ratsa kaburbura, damina ta riga ta baje su sun zama iri ɗaya. Ya tsaya tsakanin guda biyu yana sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi baiwar Allah, ko wannan ko wancan." Na tsuguna a tsakaninsu na faɗa wa kowanne: uwarka ta ji, ta ce Allah ya jiƙanka.

Hajja ta kai azumin da ya biyo baya kafin ta rasu. Amal ce ta kira ni ta gaya mini, da 'yar Hausarta. Ta ce sun kife akushin Sitti a kan kantar, amma a zanen ban bar masa wuri ba. Na ce mata haka ya fi.

Na koma ajina mai yoyo. Ina jera wa yara buta da albasa in ce su zana, suna hamma a bayan aji, ba na yi musu faɗa. Ummata ce dai ke mita wai na dawo daga Makka da wata ɗabi'a ta ɓata lokaci. In na wanke mata kwanon tuwonta ba na kife shi. Sai in tsaya da shi a hannu ina gogewa da tsumma har ya bushe, sannan in ajiye shi bakinsa a sama.